Bulls: A Rushe a Sake Tona Tushe, Ko a Sayo Tauraro?

Daren da Miami Heat ta kori Chicago Bulls daga gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, a watan Afrilun 2025, mu huɗu ne a shagon ɗinkin kawuna a nan Nima. Mun jingina waya da kan keke, butar ataya tana bisa kurfoti, rigunan mutane da ba a gama ba suna rataye a kanmu. An tashi 109 da 90, a gidan Bulls ɗin kuwa, wajen ƙarfe biyun dare a agogonmu na Accra. Shekara ta uku ke nan a jere Heat ce ke rufe mana ƙofa a wasan share fagen shiga zagayen neman kofi. Babu wanda ya ce uffan sai da kumfar shayin ta kwanta.

Ƙanena ne ya fara. Ya ce, "Kawu, wallahi a sayar da kowa. A rushe gidan nan a sake tona tushe."

Kawu ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ba ka san rushewa ba. Ni na ga abin da ya biyo bayan Jordan. Mutum ɗaya kawai ƙungiyar nan ke buƙata, babba, wanda za a miƙa wa ƙwallo in saura minti biyu. A nemo shi ko nawa ne."

Tun daga ranar gardamar ba ta mutu ba. Ta ƙara ruruwa a makon Babbar Sallah, lokacin da Oklahoma City Thunder da Indiana Pacers suka fara wasannin ƙarshe, don kowa cikinsu ya ga hujjarsa a fili. Ni ina bayan Bulls tun zamanin da muke biyan kuɗi a gidan bidiyo mu kalli kaset ɗin Michael Jordan, babban gwanin Bulls, kuma jar rigar farko da na mallaka daga kasuwar Kantamanto aka sayo mini ita. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na zauna na auna hanyoyin biyu da kyau.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai yi mamakin jin mai goyon baya yana roƙon ƙungiyarsa ta faɗi. A gasarmu, da Hearts of Oak ko Kotoko za ta zo ƙarshe, rukunin ƙasa za ta gangara. A NBA babu wannan. Ƙungiya 30 ce, kowacce tana buga wasa 82, kuma ko ta kwana a gindin tebur baɗi tana nan. Abin da ma ake yi, duk watan Yuni ana zaɓen sabbin 'yan wasa, kuma masu rauni su ke fara ɗauka. Wannan damar ɗauka, wadda zan riƙa kira tikitin zaɓe, haja ce kamar kowace haja: ana musayarta, har ta shekara bakwai masu zuwa. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a Turai. Musaya ake yi, kuma galibi dole albashin da ya fita ya yi kusa da wanda ya shigo. Don haka dukiyar ƙungiya uku ce: 'yan wasanta, tikitocinta, da sararin da ya rage mata a albashi.

Hanyar ƙanena: a sayar, a jure, a tara

Duk mai wannan ra'ayi Thunder yake nunawa, kuma yana da abin nunawa. A Yulin 2019 manajanta Sam Presti ya miƙa Paul George ga Los Angeles Clippers, ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da tikitin zagayen farko na zaɓe guda biyar, da damar musanya matsayi sau biyu. Kwanaki kaɗan bayan haka ya sallami Russell Westbrook zuwa Houston, ya karɓi Chris Paul da ƙarin tikiti. A kakar 2020/21 Thunder ta ci wasa 22 kacal, ta gaba 24. Daga nan 40, sai 57, sai 68 a kakar 2024/25, ta ɗauki kofi bayan wasa bakwai da Pacers, Shai kuma ya zama gwarzon shekara.

In ƙanena ya ba da labarin nan, a kan shekara biyun faɗuwa yake tsayawa. Ni kuwa ina ganin ba nan asirin yake ba. A duba manyan ukun da suka ɗauko kofin. Chet Holmgren ne kaɗai faɗuwa ta haifar, shi aka ɗauka na 2 a 2022. Shai daga musaya ya zo, yaro mai gab da cika shekara 21 da ya yi kaka ɗaya tak a Clippers. Jalen Williams an ɗauke shi na 12 a 2022, da tikitin Clippers ɗin nan, ba da na Thunder ba. Luguentz Dort, mai tsaron da ke hana taurari numfashi, babu wanda ya zaɓe shi ma a 2019. Abin da ya gina Thunder shi ne an sayar da George ranar da kasuwarsa ta kai ƙololuwa. Ya gama kakar da ya zo na uku a ƙuri'ar gwarzon shekara, kuma Clippers tana cikin matsi, don Kawhi Leonard ya nuna zuwansa na tattare da zuwan George. Mai saye yana gaggawa, mai sayarwa ba ya gaggawa.

Kowa a zango ya san wannan cinikin, ko da bai taɓa ganin ƙwallon kwando ba. Ragon da zai yi kuɗi a kasuwar dabbobi ta Tulaku saura kwana uku Sallah, in ka riƙe shi har bayan Sallah don kana jin daɗin kallonsa, shi ne dai ragon, amma farashin ya tafi, ga dusa kana ta saye. Presti ya ma wuce sayarwa a kan lokaci, ya shiga kiwo. Ya karɓi Chris Paul lokacin da ake cewa ya tsufa kuma albashinsa ya yi nauyi, har aka haɗa masa da tikiti don ya yarda ya ɗauka. Paul ya yi kaka mai kyau, ya kai su zagayen neman kofi a 2020, sai Presti ya sayar da shi ga Phoenix, ya sake karɓar tikiti. Haka ya yi da Al Horford: an ba shi tikiti ya karɓe shi daga Philadelphia, ya tura shi Boston ya sake karɓar wani tare da Kemba Walker. Ya sayo ramamme, ya ciyar, ya sayar da riba, sau biyu ana biyansa a kan kai ɗaya.

To amma kawu ba ya rasa amsa, kuma amsarsa tana da nauyi. Philadelphia 76ers, wato Sixers, ta bi hanyar faɗuwa da gangan a ƙarƙashin Sam Hinkie daga 2013. Ta ci wasa 19, sai 18, sai 10. Wasa 47 ke nan cikin 246. Abin da ta samu: Nerlens Noel, Joel Embiid ɗan Kamaru, Jahlil Okafor, Ben Simmons, Markelle Fultz. Cikin biyar ɗin Embiid ne kaɗai ya zama ginshiƙi, shi ma kaka biyun farko bai taka fili ba saboda ciwon ƙafa. Ya zama gwarzon shekara a 2023, gaskiya ne, amma har ƙarshen kakar 2024/25 ƙungiyar ba ta haye zagaye na biyu tare da shi ba. Hinkie kansa ya ajiye aiki a 2016 kafin a ga amfanin abin da ya shuka. Yaron da ya fara kallo a 2013 yana aji shida, sai da ya kusa gama sakandare kafin ya ga ƙungiyarsa ta yi abin kirki.

Kuma bayan abin da Sixers ta yi an gyara doka. Ba wadda ta zo ƙarshe ce ke ɗaukar na farko kai tsaye ba, ƙuri'a ake jefawa tsakanin ƙungiya 14. A da mafi rauni tana da kashi 25 cikin ɗari na samun lamba ɗaya. Daga 2019 an mayar da shi kashi 14 ga kowacce cikin uku na ƙasa. Detroit ta ci wasa 17 a kakar 2022/23, ƙuri'a ta jefa ta na biyar. Kaka ta gaba ta ci 14, har da faɗuwa 28 a jere, aka sake jefa ta na biyar. Utah ce mafi rauni a 2025, ita ma na biyar. Wadda ta samu Cooper Flagg a shekarar Dallas ce, mai kashi 1.8. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai a shagon, domin Dallas da Bulls duk wasa 39 suka ci, aka yi ƙuri'ar raba gardama Dallas ta shiga gaba, kuma lambobin da ke wannan matsayi su suka fito.

Sai hujjar kawu mafi ƙarfi: Bulls ta taɓa rushewa, har sau biyu. Bayan kofi na shida a 1998 aka watse, aka yi kaka shida ba a shiga zagayen neman kofi ba, a ciki har da wadda aka ci 17 da wadda aka ci 15. A 2017 kuma aka sayar da Jimmy Butler ga Minnesota, aka ci 27, sai 22, sai 22. Ladan wannan wahalar shi ne lamba 7 a 2018, lamba 7 a 2019, lamba 4 a 2020. Wendell Carter, Coby White, Patrick Williams. 'Yan wasa ne na kirki, amma babu wanda za a ɗora wa gida a cikinsu. In kawu ya ce an sha wuya ba a sha daɗi ba, ba ƙarya ya yi ba.

Hanyar kawu: a buɗe rumbu a sayo gwani

Hujjarsa ta farko tana da daɗin faɗa a zango, don mutumin da ya yi ta a Zariya ya girma. A Yulin 2018 Masai Ujiri na Toronto Raptors ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da birnin ya fi so, da Jakob Poeltl da tikiti ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green daga San Antonio. Kawhi wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Kasada ce babba. A Yunin 2019 Raptors ta doke Golden State ta ɗauki kofinta na farko. Wata guda bayan haka Kawhi ya tafi, amma kofin ya zauna a Kanada. Milwaukee Bucks ma a ƙarshen 2020 ta ba da tikiti uku da damar musanya matsayi biyu a kan Jrue Holiday, a 2021 ta ɗauki kofi, Giannis Antetokounmpo ya zuba maki 50 a wasan ƙarshe.

Abin da nake ta ƙoƙarin nuna wa kawu shi ne halin da ƙungiyoyin nan suke ciki kafin su sayo. Raptors wasa 59 ta ci a kakar da ta gabaci zuwan Kawhi, ita ce ta ɗaya a rukunin gabas na gasar. Tana da Kyle Lowry, tana da Pascal Siakam ɗan Kamaru da ta tsinto na 27, tana da Fred VanVleet da babu wanda ya zaɓa. LeBron James ne kawai yake tare mata hanya duk shekara. Bucks kuwa tana da gwarzon shekara sau biyu a jere a hannu. Gini ya kai linta, kwano kawai ya rage, sai suka ciyo bashi suka rufa. Wannan bashi ne mai ma'ana.

Ga kuma waɗanda suka sayi kwano alhali tushe bai kafu ba. A 2013 Brooklyn Nets ta karɓi Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 daga Boston, ta ba da tikitinta na 2014, 2016 da 2018, da damar musanya na 2017. Zagaye ɗaya tak ta ci da su. Pierce ya tafi bayan shekara guda. Da ƙungiyar ta durƙushe, ta ci wasa 20 a kakar 2016/17, ladan faɗuwarta Boston ya tafi. Da tikitocin nan Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, su suka kawo mata kofin 2024. Babu halin da ya kai wannan muni a gasar: kana faɗuwa, wani yana girbe faɗuwarka. Ba ga tsuntsu, ba ga tarko.

Phoenix Suns ta maimaita a Fabrairun 2023. Ta ba da Mikal Bridges, Cam Johnson da tikiti huɗu a kan Kevin Durant, ta ƙara da Bradley Beal a bazara. A 2024 Minnesota ta share ta wasa huɗu ba ko ɗaya. A kakar 2024/25 ta ci 36, ko share fage ba ta shiga ba, aka tura Durant Houston. Bridges ɗin da ta bayar, Nets ta sake sayar da shi ga New York a kan tikiti biyar.

Yarjejeniyar da aka yi da 'yan wasa a 2023 ta ƙara wa hanyar nan tsada. Ƙungiyar da albashinta ya haye wata iyaka ta biyu ba tara kaɗai take biya ba. Ana hana ta haɗa albashin mutum biyu don ɗauko ɗaya, ana kuma ƙulle mata tikitinta na can gaba. Boston da ta ɗauki kofi a 2024, shekara guda bayan haka sai da ta rabu da Holiday da Kristaps Porzingis don ta sauko. Zamanin tara manya uku a cike sauran gurabe da duk wanda aka samu ya wuce. Yanzu ƙungiya tana buƙatar yara masu arha da za su iya wasa, su kuwa da tikiti ake samo su.

Ina Bulls take a cikin wannan duka

Abin da ke ba ni takaici shi ne shawarar kawu an riga an bi ta, a ƙaramin sikeli, kuma a lokacin da bai dace ba. A Maris ɗin 2021, ƙungiyar da ba ta kai rabi da rabi ba ta ba Orlando Wendell Carter da tikiti biyu a kan Nikola Vucevic mai shekara 30. Kakar ta ƙare da ci 31 cikin 72. Tikiti na farko ya zama lamba 8, Orlando ta ɗauki Franz Wagner, irin yaron da muke kuka babu a yau. A bazarar aka kawo DeRozan, aka sake ba da tikiti, aka kawo Lonzo Ball da Alex Caruso, aka saki Lauri Markkanen, wanda ya je Utah daga baya ya shiga sahun taurari a 2023.

Ba zan ɓoye ba, watannin farko na kakar 2021/22 sun yi daɗi. Har Janairu Bulls tana saman gabas. Muna tashi ƙarfe ɗayan dare mu kalla, mu gama mu ɗan kishingiɗa kafin kiran asuba, mu fita mu sayi koko da ƙosai muna ta labari. Sai gwiwar Lonzo ta lalace, ya yi fiye da kaka biyu bai buga ba. An gama da ci 46, Bucks ta kore mu a zagayen farko. Wannan ba laifin kowa ba ne, ciwo na Allah ne.

Laifin yana cikin abin da ya biyo baya. Kowa ya ga ginin ya tsage, amma aka ba Zach LaVine dala miliyan 215 na shekara biyar, aka kuma wuce ranar rufe musaya ta 2022, da ta 2023, da ta 2024 ba a taɓa kowa ba. Aka ci 40, sai 39, sai 39. Da aka tashi sayarwa Sallah ta riga ta wuce. DeRozan ya tafi Sacramento a 2024 a kan ɗan wasa ɗaya da tikitin zagaye na biyu guda biyu. LaVine ya bi shi a Fabrairun 2025, kuma babban abin da aka samu shi ne tikitin Bulls ɗin kanta da ta bayar tun 2021. Caruso, mai tsaron da duk mai neman kofi ke so, an ba Thunder shi a kan Josh Giddey, ba a haɗo da tikiti ko ɗaya ba, daga ƙungiyar da rumbunta ya cika da su. Giddey yana da hannu, ina son yadda yake raba ƙwallo. Amma shekara guda bayan haka mun zauna a shagon nan muna kallon Caruso yana ɗaga kofi. Rabon Bulls da cin zagaye ɗaya a neman kofi tun 2015.

Ci 39 shi ne wuri mafi wuya a NBA. Ka fi ƙarfin a ba ka lambar sama, ba ka kai a ji tsoronka ba. Lamba 11 a 2024, wadda aka ɗauki Matas Buzelis da ita, lamba 12 a 2025.

Akwai abin da ya sa ban tafi gaba ɗaya wurin ƙanena ba, shi ne Pacers. Ba ta taɓa zubar da kaka uku da gangan ba. A Fabrairun 2022 tana da Domantas Sabonis, tauraro mai shekara 25, ta ga ba zai kai ta ko'ina ba, ta miƙa shi Sacramento yana kan ganiyarsa, ta karɓi Tyrese Haliburton mai shekara 21. Ta ci 25 a kakar, sai 35. Da ta tabbatar yaron zai iya riƙe gida, a Janairun 2024 ta buɗe rumbu ta ba da tikiti uku a kan Siakam. Ta ci 47, sai 50, ta kai wasa na bakwai na ƙarshe, inda jijiyar agarar Haliburton ta tsinke tun farkon wasa. Ta yi hanyar ƙanena da farko, ta yi ta kawu daga baya, kowacce a lokacinta. Sabonis ɗin ma daga cinikin Paul George na 2017 ta same shi, wato duk ƙungiyoyin biyu da suka kai ƙarshe a 2025 daga sayar da mutum ɗaya suka tsiro.

Da za a ba ni wuƙa da nama, ga tambayoyin da zan yi wa Bulls, kuma mai goyon bayan kowace ƙungiya zai iya yi wa tasa. Shin akwai ɗan wasa a hannu da za a sa cikin goma ko goma sha biyar mafi kyau a gasar? Shin da waɗanda ake da su an kai ci 50? In duka biyu e ne, a saurari kawu, a ba da tikitin, don irin wannan dama ba ta daɗewa. A Bulls ta ƙarshen kakar 2024/25 duka biyu a'a ne. Tauraron da kawu ke so zai ci tikiti huɗu ko biyar da Matas Buzelis a kai, ya zo ya tarar ba abokin aiki, ya ɗaga ƙungiyar daga 39 zuwa 45, bayan shekara biyu ya nemi tafiya. Hanyar Nets ke nan sak.

Don haka ina bayan sayarwa, amma ba irin ta Sixers ba. Ba na son a cika fili da waɗanda ba su cancanta ba don a ci wasa 10. Kashi 14 bai kai a kashe wa yara zuciya a kansa ba, kuma yaro ba ya koyon nasara a inda ba a nemanta. Abin da na so a ƙarshen kakar 2024/25 shi ne a duba duk wanda ba zai kasance a ganiyarsa ba ranar da Buzelis zai kai tasa, a sayar da shi tun ana tayawa. Vucevic da Coby White duk a 2023 suka sa hannu a kwantiragin shekara uku. White a lokacin ɗan gida ne, ni ma ina sonsa, kuma daidai wannan son ne ya sa aka riƙe na baya har suka faɗi a kasuwa. Na ce in za a biya shi a biya shi da wuri, in ba za a biya ba a karɓi tikiti tun kafin ya tafi hannu banza. Sararin albashin da aka samu kada a sayo matsakaitan 'yan wasa da shi. A yi kiwon Presti, a karɓi kwantiragin da ya yi wa wasu nauyi a kan su haɗo da tikiti. Kada tikitin Bulls ko ɗaya ya sake fita gida sai an amsa tambayoyi biyun can da e. A ba yara mintuna, in an ci 25 a ci, in sun ba da mamaki sun ci 40 da ƙarfinsu, madalla.

Na san farashin. Kaka biyu ko uku ne na tashi tsakar dare a kalli ana dukanmu, kuma babu tabbacin ƙuri'a za ta yi mana irin ta 2008, lokacin da kashi 1.7 ya kawo Derrick Rose. Kawu ya haura sittin. Da na gama zayyana masa duk wannan, ya ɗora ƙafa a kan keke ya ce, "Ɗana, ku kuna da shekarun jira. Ni so nake in sake ganin wasan Yuni da jar riga kafin ido ya ƙi." Ban samu abin ce masa ba, sai na ƙara masa shayi.

Ƙanena ya ce, "Yaya, to yaushe za mu san wace hanya suka ɗauka?" Na ce masa ya bar kallon teburin gasa, ya jira ranar rufe musaya a watan Fabrairu, ya ƙirga tikitin zagayen farko nawa suka shigo, nawa suka fita.